Waiwaye: Daga ina kari-oba ta samo asali a jami'o'inmu?

Duk lokacin da wata jami'a ta fitar da sunayen ɗaliban da ta sallama saboda ƙarancin maki, sai cece-kuce ya tashi. Wasu su ce waya ce ta ɗauke hankalin yaran yanzu, wasu su ce malamai ne ke da rowar maki. Kowa na magana kamar jiya abin ya fara, alhali sikelin da ake auna waɗannan yara da shi ya haura shekara 30 ana amfani da shi, kuma da wuya ka ji an tambayi yadda aka yi ya zo.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962, duk a kan tsarin Ingila. Yawancin ɗalibai sai sun yi HSC, wato ƙarin karatun shekara biyu bayan sakandare, ko karatun share fage kafin su shiga, digiri kuma shekara uku ne. Babbar jarrabawa a ƙarshen shekara ake yin ta. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu sai a ba shi damar sake zama kafin a dawo daga dogon hutu, in ya kuma faɗi ya maimaita aji. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fita daban tun 1960, domin da taimakon Jami'ar Jihar Michigan aka kafa ta, ta ɗauko salon Amurka.

Inda aka canja layi shi ne ƙarshen shekarun 1980. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ikon shimfiɗa ma'aunin da kowace jami'a za ta kiyaye, a 1989 kuma kundin ya fito. Daga nan tsarin kwas-kwas ya zama gama-gari: shekara ta rabu zango biyu, kowane darasi da nauyinsa, A maki 5 ce, F kuwa sifili. Sake zama ya kau a yawancin tsangayoyi, kari-oba ta maye gurbinsa, wato ɗalibi ya wuce aji na gaba ɗauke da darasin da ya faɗi har sai ya sake ɗaukarsa ya ci.

A gaskiya niyyar mai kyau ce. Ba adalci ba ne mutum ya maimaita shekara sukutum saboda darasi ɗaya, kuma ana so digirin Sakkwato da na Kalaba su zama mudu ɗaya. Sai dai a Amurka wannan tsari yana da 'yan rakiya. Akwai malamin da ke zama da ɗalibi ya duba nauyin da zai iya ɗauka, akan koyar da manyan darussa fiye da sau ɗaya a shekara, har da lokacin hutun bazara, kuma ɗalibi na iya janyewa daga darasin da ya ga zai kayar da shi. Duk waɗannan kuɗi suke ci, da malamai, da ɗakunan karatu.

Mu kuwa tsarin ya iske mu a lokacin da aljihu ya bushe. Tun 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, albashin lakcara ya daina kai shi ƙarshen wata, ƙwararru da yawa suka tattara suka yi ƙasashen waje. A daidai wannan lokaci tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) ya fara yaye ɗalibansa, aka yi jarrabawar kammala sakandare ta SSCE ta farko a 1988, digiri ya koma shekara huɗu. Yaro ya fito daga sakandare kai tsaye ya faɗa aji ɗaya na jami'a, ba tare da shekara biyun nan na HSC da a da ke gasa shi ba. Ɗalibai suka ƙaru, suka ƙara ƙuruciya, masu kula da su suka ragu.

Ga abin da yaron bai sani ba ranar da yake murnar samun gurbi: tun jarrabawarsa ta farko aka fara lissafin darajar digirinsa. A ce ya gama aji ɗaya da CGPA 2.0, wato matsakaicin makin duk darussan da ya ɗauka, yana fama da neman ɗaki da gane hanyar zauren lacca. Idan nauyin shekarun ɗaya ne, sai ya samu 4.0 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, wato B a kowane darasi, kafin ya taɓa 3.5 da ake nema don daraja ta biyu ta sama. Wa ya zaunar da shi ya yi masa wannan lissafi? Malamin da aka ɗora wa ajinsu yana da ɗaruruwan fom da zai sa wa hannu.

Na taɓa tsayawa gaban allon sanarwa kusa da wani ɗan aji uku, yana bin jadawalin jarrabawa da yatsa. Darasin da ya faɗi tun aji ɗaya ya faɗo rana ɗaya, sa'a ɗaya, da babban darasinsa na bana. Ya juyo ya ce da abokinsa, “Malam, wanne zan bari?” Duk wanda ya bari, sai baɗi, domin sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Haka kari-oba ɗaya ke haifar 'ya'ya, ta kai mutum ga ƙarin shekara, agogo kuma na tafiya: kwas na shekara huɗu galibi ba a yarda ya wuce shida.

Abin lura, tsangayoyin koyon aikin likita ba su bi wannan hanya ba. Har gobe ɗalibin likitanci da ya faɗi jarrabawar MBBS, wato ta digirin likita, yana da damar sake zama bayan ɗan lokaci, in bai haye ba ya maimaita aji.

An sabunta kundin ma'aunin a 2007, aka kuma fito da sabon da ake kira CCMAS a ƙarshen 2022, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na manhaja ta tsara da kanta. Abin da ake koyarwa ya sauya sosai. Yadda ake ƙirga maki kuwa, da makomar wanda ya faɗi darasi a zangonsa na farko, kusan suna nan yadda aka tsara su a 1989.