Waiwaye: Yadda gandayen dajin Kalifoniya suka koma wuyan masu aikin sa-kai

Duk lokacin da aka zo maganar kasafin kuɗi a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi: wa ya kamata ya riƙe gandun dajin jiha, ma'aikacin da ake biya albashi ko mai aikin sa-kai? Wasu na cewa ba don masu sa-kai ba, da tuni an garƙame ƙofofi da yawa da kwaɗo. Wasu kuma na cewa ai taimakon nasu ne ya sa kowa ya saki jiki, har kuɗin gyare-gyaren da aka yi ta ɗagewa ya haura dala biliyan 1. Kowane ɓangare yakan soma lissafinsa daga 2011, shekarar da aka fitar da sunayen gandaye 70 cikin 278 da za a rufe. Ni kuwa a ganina 2011 ranar wanka ce kawai, wadda ba a ɓoyon cibi. Abin ya daɗe yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. A 1900 wani mai ɗaukar hoto, Andrew P. Hill, da abokansa suka kafa ƙungiyar Sempervirens don ceto dogayen itatuwan redwud daga masu saran katako, suka zagaya da hula suka tara dala 32. A 1902 jiha ta sayi dajin Big Basin, wanda shi ne gandunta mafi daɗewa. A 1918 aka kafa wata ƙungiyar ceto waɗannan itatuwa, Save the Redwoods League, a 1928 kuma masu zaɓe suka amince a ciwo bashin dala miliyan 6 don sayen filaye, bisa sharaɗin cewa rabin kuɗin kowane fili zai fito daga wata hanya, ba aljihun jiha ba. Hanyoyin ƙafa da gadoji da rumfunan da aka gina a shekarun 1930 kuwa, samarin da gwamnatin tarayya ke biya dala 30 a wata ne suka yi su.

A duk tsawon wannan zamani rabon aikin a fili yake. Jama'a su yi fafutuka, su tara kuɗi, su sayi daji su miƙa. Tsaro da shara da tarbar baƙi na mai albashi ne.

Inda rabon ya soma sauyawa, wuri ne da ba a cika ambatonsa a wannan gardama ba: wani tsinin ƙasa mai tuddan yashi da iska, a bakin teku tsakanin San Faransisko da Santa Cruz, da ake kira Año Nuevo. Jiha ta saye shi a 1958. Dabba ce ta jawo komai. Wata ƙatuwar halittar teku ce mai siffar ayu, namijinta na da hanci mai reto kamar na giwa, shi ya sa zan kira ta giwar teku (kada a haɗa ta da giwar ruwa, kifin da muka sani). Ƙasaitaccen namiji yakan kai kilo 2,000. A ƙarni na 19 an yi ta kashe su don man jikinsu har aka ɗauka sun ƙare, sai ’yan kaɗan da suka tsira a tsibirin Guadalupe na Meziko. Meziko ta hana farautarsu a 1922, suka yi ta yaɗuwa suna hawowa arewa. An fara ganinsu a ɗan tsibirin da ke gaban Año Nuevo a 1955, aka haifi ɗa na farko a can a 1961. Da tsibirin ya cika sai suka soma tsallakowa gaɓa, inda mutum zai iya takawa da ƙafa ya iske su, kuma a 1975 aka yi haihuwar farko a gaɓar.

Kafin nan ma labari ya riga ya bazu, mutane suka yi ta kwarara. A nan ne matsalar take. Giwar teku idan tana kwance cikin yashi, ta watsa wa bayanta ƙasa da hannayenta masu kama da filafili, sai ka rantse dutse ne ko gungume. Baƙo zai iya zuwa dab da ita bai sani ba. Kuma lokacin da mutane suka fi son zuwa, wato tsakiyar sanyi, shi ne lokacin da mazan ke gwabzawa, suna tashi tsaye ƙirji da ƙirji suna saran juna har jini ya wanke wuya. Uwa kuwa tana shayar da ɗanta kusan wata guda ba ci ba sha, daga kitsen jikinta kawai. Idan aka firgita ta suka rabu, ɗan na iya mutuwa. Ma'aikatan gandun ’yan ƙalilan ne, ba yadda za su yi da dubban masu kallo a filin da ba shinge.

Hanya biyu ce a gabansu: a rufe wurin a lokacin haihuwa, ko a ɗauki ma'aikata da yawa. Sai aka bi ta uku. A tsakiyar shekarun 1970 aka soma horar da ɗaliban jami'ar Santa Cruz, inda dama ake binciken waɗannan dabbobi, su riƙa jagorantar baƙi rukuni-rukuni. Daga baya mutanen gari suka karɓa, tsofaffin malamai, masu ritaya, ma'aikatan da ke ba da ranar hutunsu. Har yau haka ake yi. Daga 15 ga Disamba zuwa 31 ga Maris ba ka shiga wurin haihuwar sai da jagora, tafiyar kilomita biyar ko fiye cikin yashi mai cin ƙafa, ko ana ruwa ko ana iska. Jagoran ne ke duba inda namiji ya kwanta yau ya sauya hanya, shi ne ke tabbatar da cewa ba wanda ya matsa ƙasa da mita takwas, shi ne ke ɗaga hannu ya tsayar da yaron da ya zabura.

Ina girmama mutanen nan matuƙa, kuma na yi imani su suka sa dabba da mutum suka iya zama wuri guda a wannan gaɓa. Amma a lura da abin da ya faru. Mai sa-kai ya tashi daga mai ba da gudummawa, ya zama shi ne ƙofar. Ran da bai zo ba, baƙo ba ya shiga. Tsarin ya yi kyau, ya yi arha, ba wanda ya yi kuka da shi, don haka ba wanda ya tsaya ya tambayi iyakarsa. A shekarun nan ne kuma ƙungiyoyin abokan gandu suka yi ta ɓullowa, irin su Friends of Santa Cruz State Parks a 1976, suna sayar da littattafai da taswira don tallafa wa gandayen yankinsu.

Sai ga 1978. Masu zaɓe suka amince da dokar da ta zaftare harajin gidaje da filaye, asusun jiha ya ɗauki nauyin makarantu da ƙananan hukumomi da a da harajin ke riƙewa. Tun daga nan, duk shekarar da aka shiga matsi, gandun daji na cikin masu jiran ragowa, kuma ga hannaye a shirye da za su toshe giɓin kyauta. Mu da muka san aikin gayya mun san sharaɗinsa: ana kiransa ne don noman rana ɗaya ko ɗaga jinka, mai gona ya ci gaba da sauran. Gayyar da ta zama ta kullum ta tashi daga gayya.

A Nuwamban 2010 aka nemi masu zaɓe su ƙara dala 18 a shekara kan kuɗin rajistar mota don gandaye su samu asusu tsayayye, su kuma shiga kyauta. Suka ƙi. Bayan wata shida jerin 70 ɗin ya fito, don a rage dala miliyan 22. A ƙarshen 2011 aka yi dokar da ta ba ƙungiyoyin da ba na riba ba damar gudanar da gandu gaba ɗaya, kuma a ƙarshe ƙofofin ba su rufu ba. China Camp, tsohon ƙauyen masuntan jatan lande ’yan asalin Sin da ke bakin ruwa kusa da San Rafael, tun 2012 yana hannun ƙungiyar abokansa. Su ne ke karɓar kuɗin shiga, su gyara hanya, su kula da bayan gida. Haka ma gandun Sugarloaf Ridge a yankin Sonoma, yana hannun ƙungiyoyin da ba na riba ba.

A Agustan 2020 gobarar daji ta cinye kashi 97 cikin ɗari na Big Basin, har da tsohon ginin hedkwatarsa. Yawancin manyan itatuwan sun rayu, sun sake toho daga jikinsu da ya yi baƙi. Da aka buɗe wani sashe a Yulin 2022, tsarin kama gurbin shiga da mota ta intanet a hannun Friends of Santa Cruz State Parks yake, ƙungiyar nan ta 1976.