Mota Mai Tuƙa Kanta da Halin Direba

Mota mai tuƙa kanta ita ce wadda kwamfuta ke karɓar wani ɓangare na aikin direba, ko ma dukkansa, tana ganin hanya da kyamara da rada (na'urar da ke gano abubuwa da nisansu). A shekarar 2014 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa wannan fasaha mataki shida, daga 0 zuwa 5. A mataki na 0 tuƙi duka a hannun direba yake, a na 5 kuwa ko sitiyari ba a buƙata. Yawancin waɗanda ke kasuwa, har da masu tsarin taimakon tuƙi na Autopilot na kamfanin Tesla, a mataki na 2 suke: motar na bin layi tana daidaita gudu, amma alhakin hanya yana wuyan direba.

Wannan tsaka-tsakin shi ne wurin da ya fi damun masana. Ɗan Adam ba ya jure zura ido kan aikin da ba shi ke yi ba. Idan mota ta yi tafiyar awa guda ba kuskure, sai direba ya saki jiki, hannu ya koma kan waya, wani ma gyangyaɗi ya ɗauke shi. Lokacin da na'ura ta rikice ta mayar masa da tuƙin, daƙiƙu kaɗan gare shi ya gane abin da ke gabansa.

An ga illar wannan sakin jiki a watan Mayun 2016 a jihar Florida ta Amurka, inda wata Tesla da ke tafiya da Autopilot ta shige ƙarƙashin tirela, direban ya mutu. A watan Maris na 2018 kuma, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi da keke cikin dare, ta rasu. Bincike ya nuna hankalin ma'aikaciyar da aka sa a kujerar direba don sa ido yana kan waya. A Disambar 2023 Tesla ta yi wa motoci sama da miliyan biyu gyaran manhaja a Amurka domin ƙara tsananta gargaɗi ga direba.

Ba duka ne hasara ba. Birki mai kama kansa, wanda ba ya raba direba da aikinsa, ya rage karo ta baya ƙwarai. Kamfanoni da dama yanzu suna sa kyamara a cikin mota tana lura da idon direba, ta yi ƙara idan ya kau da kai. Kamfanin Waymo na Amurka kuwa cire direban ya yi gaba ɗaya: tun 2020 tasinsa ke ɗaukar fasinja a yankin birnin Phoenix na jihar Arizona, kujerar direba babu kowa.