Waiwaye: Anatoly Karpov da kambun da ya samu ba tare da gumurzu ba

A watan Afrilun 1975 hukumar wasan darar ches ta duniya, FIDE, ta naɗa Anatoly Karpov zakaran duniya alhali bai zauna gaban mai riƙe da kambun ba. Mai kambun, Bobby Fischer na Amurka, ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da cewa idan aka kai ci tara-tara kambun ya zauna a hannunsa. Hukumar ta ƙi, shi kuma ya ce bai zuwa. Sai ɗan garin Zlatoust na Rasha, mai shekara 23, ya wayi gari da sarauta, masu gori na cewa a bagas ya same ta.

Gorin bai yi masa adalci ba, don sai da ya kayar da manyan 'yan wasa Polugaevsky da Spassky da Korchnoi a 1974 kafin ya kai matakin. Amma da alama maganar ta tsaya masa a rai. Maimakon ya killace kansa, sai ya riƙa shiga gasa bayan gasa yana lashewa. Ba ɗan wasan kai farmaki ba ne. A hankali yake toshe wa abokin karawa hanyoyi har ya rasa inda zai motsa.

Karawarsa da Viktor Korchnoi a Baguio ta ƙasar Filifins a 1978 ta fi ƙarfin wasa. Korchnoi ya tsere daga Tarayyar Sobiyet a 1976, saboda haka mahukuntan Mosko ba su shirya ganin ya yi nasara ba. Zargi ya kai ga an yi ƙorafi kan kofin yogot da aka miƙa wa Karpov ana tsakiyar wasa, wai ko saƙon sirri ne. Karpov na gaba da ci 5 da 2, Korchnoi ya farke duka, sannan Karpov ya sha da ƙyar a wasa na 32. Da suka sake karawa a Merano ta Italiya a 1981 kuwa bai sha wahala ba.

Sai Garry Kasparov ya zo. Sun fara a Mosko a Satumban 1984, bisa ƙa'idar wanda ya fara cin wasa shida shi ne zakara. Karpov ya kai biyar da nema, saura ɗaya tak, amma ɗayan nan ya gagara. Canjaras ya yi ta biyo canjaras, Kasparov ya ci uku, kuma a Fabrairun 1985, bayan wasa 48, shugaban FIDE Florencio Campomanes ya dakatar da karawar yana cewa 'yan wasan sun galabaita. Har yau ana musun wanda aka ceta. Da aka sake zama a ƙarshen shekarar, Kasparov ya karɓe kambun da maki 13 da 11.

Sau uku Karpov ya dawo nema, a 1986 da 1987 da 1990, bai samu ba, kodayake tazarar ba ta taɓa wuce maki ɗaya ba. Ya sake riƙe kambun FIDE daga 1993 zuwa 1999, bayan Kasparov ya ɓalle daga hukumar. A gasar Linares ta Sifaniya a 1994 ya samu maki 11 cikin 13, ya bar Kasparov a baya da maki biyu da rabi.