Kewayen Ruwan Ƙarƙashin Teku

Kewayen ruwan ƙarƙashin teku shi ne tafiyar da ruwa ke yi sannu a hankali a zurfafan wurare, sakamakon bambancin nauyi tsakanin wani ruwa da wani. Abu biyu ne ke ƙara wa ruwan teku nauyi: sanyi da gishiri. Ruwan da ya fi nauyi yakan nutse, mai sauƙi ya hau samansa.

Kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Idan ya fara zama ƙanƙara, yawancin gishirin ba ya shiga cikinta, sai ya tsiyaye cikin ruwan da ke ƙasa. Wannan ruwa, ga sanyi ga gishiri, shi ne ke gangarawa daga Tekun Weddell da Tekun Ross a gefen Antatika, ya shimfiɗu a can ƙasan tekunan duniya.

A arewacin Atlantika kuwa labarin ya ɗan bambanta. Ruwan ɗumi yana tahowa daga kudu, rana ta riga ta ƙafar da wani sashensa ta bar gishiri. Da ya isa kusa da Girinlan da Tekun Labrador, iskar hunturu ta zuƙe ɗuminsa, sai ya nutse ya juya kudu. A mashigin da ke tsakanin Girinlan da Aisilan yana faɗawa ƙasa fiye da mita 3,000, gangarar da ta fi kowace irinta a doron ƙasa tsawo, amma ba mai ganinta da ido. Arewacin Fasifik ba ya yin haka, domin gishirin samansa bai kai ba.

Wanda ya fara cin karo da alamar abin matuƙin jirgin ruwa ne. A 1751 Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin fataucin bayi na Ingila, ya zura guga mai murfi zuwa zurfin kusan mita 1,600 a yanki mai zafi na Atlantika, ya jawo ruwa mai sanyi ƙarara. Amfanin da ya ga ya yi masa shi ne sanyaya abin sha. Sai a 1797 wani masanin kimiyya da ake kira Rumford ya bayyana cewa daga ƙuryar arewacin duniya ko ta kudancinta ruwan ya taho.

Tafiyar ba ta da gaggawa, 'yan santimita ne a daƙiƙa, kuma ruwan kan yi kusan shekara 1,000 kafin ya sake ganin rana. Cewa sanyi da gishiri kaɗai ke tuƙa shi taƙaitawa ce: iskar Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antatika, da cika da janyewar teku su ne ke dawo da shi sama. Tun 2004 akwai na'urori jere a faɗin Atlantika suna auna ƙarfinsa, saboda fargabar cewa narkewar ƙanƙarar Girinlan za ta sirka gishirin, nutsewar ta yi rauni.