Kaurin Harsashi Ba Shi Ke Kayar Da Mutum Ba

A teburin mai shayi a Kakuri, an daɗe ana cewa harsashi mai kauri ne ke wurgar da ɗan fashi nan take. Finafinai ne suka cusa mana wannan. Da harsashin fistol na da wannan ƙarfin, da mai harbin ma ya sha ƙasa.

Bayan artabun jami'anta da 'yan fashi a birnin Miami a 1986, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta bar harsashin 9mm, daga baya ta rungumi wanda ya fi shi kauri, wato .40 S&W da ya fito a 1990. Ƙarshe ta dawo 9mm: bai cika girgiza hannu ba, saiti ya fi zama, bindiga ta fi ɗaukar harsasai da yawa.

Mu nan Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe fistol sai da lasisin shugaban ƙasa.