Kundin digiri na uku: rajista, miƙawa da yaɗawa

Kundin digiri na uku shi ne rubutaccen binciken da ɗalibi yake miƙa wa jami'a domin a ba shi digirin dakta. Ɗalibin digirin farko ana yafe masa idan ya tattaro abin da magabata suka faɗa ya tsara shi da kyau, amma mai neman dakta ana sa ran ya zo da abin da ba a sani ba kafin shi. Ingancin binciken shi kaɗai ba ya mayar da kundi digiri. Sai ya bi ta ofisoshi da kwamitoci, an sa masa hannu an buga masa hatimi, sannan jami'a ta karɓe shi ta ajiye.

A Najeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗan karatun gaba da digirin farko, kowace jami'a kuma ta ɗora nata a kai cikin littafin jagora. A Sakkwato babbar cibiyar wannan karatu ita ce Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ya zama shugabanta na farko. Kamar sauran jami'o'in ƙasar, tana da makaranta ta musamman mai kula da karatun gaba da digirin farko, ita ke riƙe da fayil ɗin kowane ɗalibi daga shigarsa har fitarsa.

Rajista

Rajista iri biyu ce, kuma sabbin ɗalibai sukan ruɗa su. Ta farko rajistar ɗalibi ce shi kansa, wadda ake sabuntawa kowace shekarar karatu: a biya kuɗin makaranta, a cike fom, shugaban sashe ya sa hannu. Wanda ya tafi aikin fili ya bar shekara ta wuce bai sabunta ba yana iya dawowa ya tarar sunansa ya fita daga jerin ɗalibai, ko da kuwa babi huɗu na nan a rubuce. Shi ya sa tsofaffin hannu suke adana kowace rasit a cikin jaka guda, don ranar da za a nemi takardar wanke kai daga bashi ba a karɓar rantsuwa. Ɗalibin cikakken lokaci yawanci ba ya gamawa ƙasa da shekara uku, akwai kuma iyakar da idan aka wuce ta sai an rubuta takardar neman ƙarin lokaci. Yajin aiki ma kan ja lissafin, kamar na malaman jami'o'i na 2022 da ya ɗauki wata takwas.

Ta biyu ita ce rajistar taken bincike. Ɗalibi ya rubuta shawarar bincike, ya gabatar a gaban malaman sashe, su tsefe ta. Idan ta tsira, sai taken binciken ya tashi daga kwamitin sashe zuwa na tsangaya, daga nan zuwa makarantar karatun gaba da digiri, wadda ke kai shi gaban majalisar dattawan jami'a. A wannan zagaye ne ake tabbatar da masu duba aikin, babban jagora da mataimakansa. Amfanin wannan rajista biyu ne: ta hana mutum biyu faɗawa kan batu ɗaya, ta kuma ɗaure ɗalibi ga abin da ya ce zai yi. Taken da aka amince da shi ba a taɓa shi da ka. Wanda ya yi rajistar nazarin waƙoƙin noma a ƙasar Gobir, daga baya ya ga aikin ya faɗaɗa har Zamfara, dole ya koma ya nemi izinin sauya take ta hanyar da ya bi da fari. Mutane da yawa suna ganin wannan tsanani ne, amma taken da ke bangon kundi shi ne zai shiga takardun jami'a, kuma saɓanin kalma ɗaya ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni.

Miƙawa da kariya

Kafin a karɓi kundi ana duba siffarsa. Kundayen da ake rubutawa da Hausa a sashen harsunan Najeriya suna da tsari sananne: shafin tabbatarwa, sadaukarwa, godiya, ƙumshiya (jerin abubuwan da ke ciki), tsakure (taƙaitaccen bayanin aikin), sai babi-babi tun daga shimfiɗa da bitar ayyukan da suka gabata har zuwa kammalawa, sannan manazarta da rataye (ƙarin bayanan da ake liƙawa a ƙarshen kundi). Na sashen Larabci da Larabci ake rubuta su, mafi yawan sauran kuwa da Ingilishi. A shekarun nan an ƙara wani mataki, wato a saka rubutun cikin manhajar gano satar fasaha irin su Turnitin, a haɗa rahotonta da kundin. Manhajar kamanceceniyar jimloli take ƙirgawa, ba ta san niyya ba, kuma ƙarfinta yana ga abin da ke cikin rumbunta. Rubutun Hausa da na ajami da ba su taɓa hawa intanet ba ba ta ganin su, don haka idon jagora har yanzu shi ne babban mai gadi.

Daga nan sai kariyar cikin gida, inda ɗalibi ke amsa tambayoyin malaman jami'arsa a kan aikin, sannan a aika kundin ga mai jarrabawa na waje, malami daga wata jami'a wanda bai sa hannu a aikin ba. Ranar kariya ɗalibi kan zauna shi kaɗai a gaban kwamiti, kundinsa cike da alamun jan biro. Hukuncin bai wuce kaɗan ba: an ci ba gyara, abin da ba kasafai ake gani ba, ko an ci da ƙananan gyare-gyare, ko manyan gyare-gyare, ko a sake miƙawa, ko a ƙi aikin. Ana ba da wa'adin gyara, kuma mai jarrabawa na cikin gida ne yawanci ke shaida cewa an yi. A bakin ƙofa abokai kan fara kiran mutum dakta tun ranar, amma a ƙa'ida digiri bai tabbata ba sai majalisar dattawa ta amince da sakamakon.

Bayan gyara sai ɗauri. Ana kai kundin wurin masu ɗaurin littafi su yi masa bango mai tauri, da launin da jami'a ta ƙayyade, a rubuta suna da shekara a gadon bayansa. Kwafi-kwafin suna rarrabuwa tsakanin sashe, babban ɗakin karatu, makarantar karatun gaba da digiri da masu dubawa, a haɗa da kwafin kwamfuta.

Yaɗawa

Nan ne tsarin ya fi rauni. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma kundi ba bugaggen littafi ba ne. Makomarsa ita ce kantar ajiye littattafai a sashen kundaye na ɗakin karatu, kamar na Abdullahi Fodiyo da ke jami'ar Sakkwato, kuma al'adar irin waɗannan sassa ita ce a karanta a wurin, ba a ba da aro. Ɗalibin Kano ko Zariya mai son sanin abin da aka riga aka yi kan Sakkwatanci ya daɗe yana shiga mota ya zo da kansa, ya zauna da biro da takarda.

Wasu ƙasashe sun daɗe da neman mafita. A Amurka wani kamfani da Eugene Power ya kafa a 1938 ya riƙa ɗaukar hoton kundaye a kan ƙaramin fim na hoto (microfilm) yana sayarwa ga ɗakunan karatu, shi ne tushen rumbun ProQuest na yau. Jami'ar Virginia Tech ta wajabta miƙa kundi ta kwamfuta tun 1997. Faransa tana da shafi guda na ƙasa inda ake ganin kundayen da aka kare da waɗanda ake kan rubutawa, abin da ke sa mai neman take ya san inda aka riga shi. A Afirka, Ƙungiyar Jami'o'in Afirka mai hedikwata a Akara ta buɗe rumbun DATAD domin tattara bayanan kundayen nahiyar. Jami'o'in Najeriya da dama sun buɗe nasu rumbunan a intanet, sai dai tsofaffin kundaye da aka buga da tafireta suna jiran wanda zai ɗauki hotonsu shafi-shafi.

Sakin kundi ga kowa yana da nasa sharuɗɗan. A bisa asali haƙƙin rubutu na marubucinsa ne, ko da yake jami'o'i kan sa ɗalibi ya ba su izinin ajiyewa da nunawa. Akan kuma jinkirta sakin wani kundi na ɗan lokaci idan akwai ƙirƙirar da ake neman yi wa rajista, ko bayanan da za su jefa wani cikin haɗari. Mai binciken da ya yi hira da mutanen ƙauyukan gabashin Sakkwato kan 'yan bindiga ba zai bar sunayensu a ratayen kundi ba. Haka wanda wani gidan malamai ya buɗe wa adakar rubuce-rubucen kakanni: izinin karantawa daban, izinin baza hotonsu a duniya daban.

Hanyar da ta fi kai kundi nesa har yanzu ita ce a ciro maƙalu daga cikinsa a buga a mujallu, ko a sake masa zubi ya zama littafi. Sakkwato tana da misali sananne. Murray Last, Bature mai nazarin tarihi, ya zauna a garin yana ɗaukar karatu wurin Waziri Junaidu, ya miƙa kundinsa kan tarihin Sakkwato a ƙarni na 19 ga Jami'ar Ibadan a 1964, aka buga shi littafi a 1967. Masu nazarin Daular Usmaniyya littafin suke ambata a manazartarsu, kaɗan ne suka taɓa riƙe kundin na asali a hannu.