Me ake nufi da "aiki mai haɗari" a dokar aikin yara ta Amurka?

Da an ambaci aikin yara, hankali kan tafi ga yaron da ake bautarwa a ramin haƙar ma'adinai. A Amurka kuwa, sau tari maganar ba ta wuce yankan ciyawar ƙofar gida ba.

Tushen zancen shi ne dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938. Ta yarda ɗan shekara 14 ya fara aikin albashi, sa'o'i 3 a ranar makaranta, 8 a ranar hutu. Amma a wurinta haɗari ba ya nufin wahala ko gumi. Abin da ke hannun yaron take dubawa. Ɗan shekara 14 ko 15 da kamfanin gyaran fili ya ɗauka zai iya share ganye, ya kwashe shara, ya yi ban ruwa. Ranar da aka miƙa masa injin yankan ciyawa ko na datse shinge, na fetur ne ko na lantarki, an taka doka. Sai ya cika 16. Zarto mai inji da injin niƙe rassan itace kuwa suna cikin rukunin ayyuka 17 da Ma'aikatar Ƙwadago ta haramta wa duk wanda bai kai 18 ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wuƙar injin yankan ciyawa ba ta san yatsa ba, tana kuma harba tsakuwa kamar an cilla da gwafa, injin da ake hawa kuma yakan kife a gangara.

Inda abin ke ɗaure mini kai shi ne, mai ɗaukar aiki dokar take bi. Yaron da ya tura injin babansa zuwa gidan maƙwabci, ya yanke ciyawa aka ba shi 'yan daloli, galibi dokar tarayya ba ta waiwayarsa, don ba ma'aikacin kowa ba ne. Haka wanda ke aiki a kamfanin iyayensa, muddin bai taɓa waɗancan 17 ba, kuma in bai kai 16 ba, ba aikin masana'anta ko haƙar ma'adinai yake yi ba. Alhali injin ɗaya ne, yatsun ma iri ɗaya. Kowace jiha na da tata dokar, kuma wadda ta fi tsauri ake bi.

A wannan giɓin, iyaye kan koma ga shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka: shekara 12 kafin yaro ya tura inji, 16 kafin ya hau.